Yadda Mai Jirgin Shaƙatawa Zai Bi Sauyin Dokokin Teku Tun Kafin Su Riske Shi a Tasha

Da wuya wata ya wuce wani ɗan ƙungiyarmu ta masu jiragen shaƙatawa bai kira ni hankali a tashe ba. Wannan ya ce, "Sakatare, wai da gaske an hana sauke anka a Bahar Rum?" Wancan ya ce ya ji dole kowa ya canza inji kafin baɗi. In na tambayi inda aka samo zancen, sai a ce wani ne ya turo. Galibi akwai ƙamshin gaskiya a labarin, amma an yanke masa kai da ƙafa: ba a faɗi wace ƙasa ba, ba a faɗi wane girman jirgi ba, ba a faɗi yaushe zai fara aiki ba. Abin da ya fi damuna shi ne masu tayar da hankali kan dokar da ba ta shafe su ba, su ne kuma dokar da ta shafe su ke wucewa ta gabansu ba su sani ba, sai jami'i ya tsaya musu a ka. Ga yadda nake bi da kowane labari, kuma haka nake roƙon kowane memba ya riƙa yi.

Mataki na farko: ka san jirginka a takarda

Dokar teku ba ta san sunan da ka raɗa wa jirginka ba, lambobinsa ta sani. Ka ɗauki takarda guda ka rubuta abu shida: tutar ƙasar da aka yi masa rajista, tsawonsa, girmansa na tan, shekarar da aka aza harsashin gininsa, ƙarfin kowane inji da kilowat, da kuma ko don kanka kake amfani da shi ko kana ba da shi haya.

Batun tsawo yana ruɗa mutane, domin jirgi ɗaya yakan zo da tsawo biyu ko uku. Akwai tsawonsa gaba ɗaya daga hanci zuwa baya, akwai tsawon gangar jiki kawai, akwai kuma wanda ake lissafawa daga layin lodi, wato iyakar inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgi in an yi masa lodi, wanda yakan gaza sauran. Kowace doka tana faɗin wanda take nufi. Idan jirginka na kusa da mita 24, wannan bambanci na iya zama shi ne tsakanin shiga doka da fita daga cikinta, don haka ka rubuta dukkansu kamar yadda suke a takardar awo, kada ka rubuta wanda dillali ya gaya maka ranar ciniki. Shi kuma tan ɗin da ake magana a kansa ba nauyin jirgi ba ne, awon faɗin cikinsa ne, wato yawan sararin da ke rufe a jikinsa.

Da ka riƙe waɗannan lambobi, rabin labaran da ke yawo sun warware da kansu. Dokar Tarayyar Turai ta 2013 kan ƙera jiragen shaƙatawa ta tsaya ne tsakanin mita 2.5 da mita 24. Allon gargaɗi kan zubar da shara wajibi ne daga mita 12. Rubutaccen tsarin kula da shara yana farawa daga tan 100, ko jirgin da aka amince ya ɗauki mutum 15 zuwa sama. Da zarar fasinja sun haura 12, jirgi ya shiga sahun jiragen fasinja, wanda wata duniya ce daban.

Haya kuwa ita ce ke juya komai. Ranar da ka karɓi kuɗi ka ɗauki mutane, jirginka ya zama na kasuwanci a idon hukuma, ko sau ɗaya ka yi a shekara. Daga nan sai maganar takardun ƙwarewar ma'aikata, da binciken jirgi, da yarjejeniyar haƙƙin ma'aikatan ruwa ta 2006 wadda ta fara aiki a watan Agustan 2013. Inshorarka ta amfanin kai ma ba za ta tsaya maka ba.

Mataki na biyu: ka gane wa ke magana

Hukuma uku ke da ta cewa a kan jirginka. Ta farko ƙasar tutarka, wadda dokarta ke bin jirgin duk inda ya je. Ta biyu ƙasar da ka shiga ruwanta, wanda yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ta har mil 12 na teku daga gaɓa, kuma ikonta ya fi ƙarfi in ka shiga tasha ko ka sauke anka. Ta uku Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, wadda ƙasashe ke taruwa a cikinta su tsara yarjejeniyoyi irin su SOLAS ta 1974 kan kare rayuka, da MARPOL kan hana gurɓata teku, da ƙa'idojin hana karo na 1972. IMO ba ta da jami'in da zai hau jirginka. Ƙasashe ne ke mayar da yarjejeniyar doka a gida, su kuma aiwatar.

Mutane da yawa suna zaton waɗannan yarjejeniyoyi na manyan jiragen dakon kaya ne kawai. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Ƙa'idojin hana karo sun hau kan kowane jirgi. Babi na biyar na SOLAS ya taɓa ƙananan jirage a wasu wurare: tsara tafiya kafin tashi, kai ɗauki ga wanda ke cikin haɗari, da haramcin wasa da alamun neman agaji. Haramcin jefa leda da roba a teku ma bai ware kowa ba.

Wani lokaci kuma akasin haka ne. Sashen MARPOL na najasar bayan gida ya shafi jiragen tan 400 zuwa sama ne, ko masu ɗaukar fiye da mutum 15, sai ƙaramin jirgi ya ɗauka ya tsira. Ina! Nan ne dokar ƙasa ke shigowa. Finlan ta hana jiragen shaƙatawa zubar da najasa a ruwanta tun 2005, Holan ta bi a 2009, Suwidin a 2015. Turkiyya na da tsarin shuɗin kati da ake rubuta kwashe tankin najasa a kai. Amurka na da yankunan da ba a zubar da komai, ko wanda aka tace. In jirginka ba shi da tankin tara najasa, ka san wannan tun kafin ka zana hanya.

Mataki na uku: ka nemo asalin takardar, ka karanta ranakunta

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. Duk labarin da ya zo, ka bi shi zuwa tushe: sanarwar hukumar rajistar tutarka, ko jaridar gwamnati ta ƙasar da ta yi dokar, ko sanarwar matuƙa da hukumomin taswirar teku ke fitarwa, wasu duk mako. In ba ka jin harshen da aka rubuta ta, ka sa a fassara maka sashen da ke faɗin waɗanda dokar ta shafa da sashen waɗanda aka ɗauke wa. Sassan nan biyu sun fi duk sauran muhimmanci.

Sannan ka ware ranaku, domin doka guda takan zo da rana uku. Ɗauki misalin rage sinadarin sulfa a man jirage a Bahar Rum. An amince da shi a IMO a watan Disambar 2022. Ya zama doka ranar 1 ga Mayun 2024. Amma iyakar kashi 0.10 cikin ɗari ba ta hau kan jirage ba sai 1 ga Mayun 2025. Wanda ya ji labarin a 2022 ya firgita, ya yi gaggawa. Wanda ya ce ai an daɗe ana faɗa ba a yi komai ba, ya makara. Ƙananan jiragen da ke shan tataccen dizal kuwa, yawancinsu man da suke saye ya riga ya cika sharaɗin, abin da ya rage musu su riƙa adana rasiɗin mai.

A zaman nan na Disambar 2022 aka sauko da wajibcin riƙe littafin lissafin shara daga tan 400 zuwa tan 100, ya fara aiki 1 ga Mayun 2024. Wannan bai yi amo ba ko kaɗan, amma ya kama jiragen shaƙatawa masu matsakaicin girma da yawa, waɗanda masu su ba su taɓa riƙe irin wannan littafi ba. Irin labarin da ya kamata ƙungiya ta buga wa ganga ke nan.

Akwai kuma dokokin da shekarar gini ke yanke hukunci a kansu. Ƙa'idar IMO ta rage hayaƙin inji mai sinadarin naitirojin, a zangonta na uku, ta shafi injin da ya haura kilowat 130. An ɗaga wa jiragen shaƙatawa na mita 24 zuwa sama da ba su kai tan 500 ba ƙafa har zuwa 1 ga Janairun 2021, kuma waɗanda aka gina daga ranar ne abin ya hau, idan za su shiga yankunan da aka keɓe kamar Tekun Baltik da Tekun Arewa. Na shaƙatawa zalla da ba su kai mita 24 ba an ɗauke musu. To mai jirgin mita 14 da ya kira ni kan canza inji, amsarsa tana cikin takardar da ya kamata ya rubuta a mataki na farko. Sai dai mai babban jirgi da ke shirin sauya tsohon inji da sabo ya tambayi hukumar tutarsa tukuna, domin sauyin na iya jawo masa sabon sharaɗi.

Mataki na huɗu: kwastan da shige da fice, inda aka fi asara

Na fi daɗewa a nan domin nan na ga hawayen manya. Agogo biyu ne ke tafiya a lokaci guda, ɗaya na jirgi, ɗaya na mutum, kuma ba sa tafiya tare. Jirgin da ke da rajista a wajen Tarayyar Turai, mai shi ma ba mazaunin can ba, yana iya zama a ruwan Tarayyar har wata 18 ba tare da biyan harajin shigo da kaya ba. Amma shi mai jirgin, in ba ɗan can ba ne kuma ba shi da izinin zama, kwana 90 kawai yake da su cikin kowane kwana 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu. Jirgi na da sauran fiye da shekara guda, kai kuwa kwanakinka sun ƙare. Tun 12 ga Oktoban 2025 aka fara shigo da tsarin kwamfuta mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokin yankin a maimakon hatimin fasfo, don haka lissafin kwanaki ba ya ɓacewa kamar da. Kuma a ƙa'ida, sassaucin wata 18 na amfanin kanka ne. Ba da jirgin haya, ko miƙa shi ga mazaunin Tarayyar ya yi yawo da shi, na iya rushe shi, a nemi haraji kan darajar jirgin baki ɗaya.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta koya wa masu jirage darasi mai ɗaci. Inda jirgi yake a daren 31 ga Disambar 2020, lokacin da wa'adin riƙon ƙwarya ya ƙare, shi ya zama ma'aunin matsayinsa na haraji. Waɗanda suka ajiye rasiɗin wurin ɗaure jirgi na wannan dare sun huta. Waɗanda ba su ajiye ba sun yi ta bin ofisoshin tasha suna roƙon a tono musu tsohuwar takarda.

Ni ma na ɗanɗana irin wannan a wata tasha. Jami'in kwastan ya zauna a kujerar bayan jirgi, ya ɗora fayil ɗina a cinya, yana juya takardu ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Ya ga rajista, ya ga inshora, sai ya ɗago ya ce, "Ina shaidar ranar da jirgin ya shigo?" Na san ranar sarai, amma a kaina take. Tashar da na fara shiga ba ta ba ni komai a rubuce ba, ni kuma ban nema ba. Kwana biyu na yi ina haɗa rasiɗin mai da shafin littafin tafiya da hoton da waya ta rubuta wa kwanan wata kafin a sake ni. Tun ranar, duk tashar da na shiga ko na bari sai na karɓi takarda mai hatimi, ko da rasiɗin ruwan sha ne mai ɗauke da sunan jirgin.

Ka duba kuma kuɗaɗen da wasu ƙasashe ke ɗorawa kan zama a ruwansu. Girka ta fara karɓar harajin da ake kira TEPAI a 2019 kan jiragen shaƙatawa da suka haura mita 7, ana biya ta intanet. Sifaniya da Italiya da Girka duk suna buƙatar inshorar ɓarnar da za ka iya yi wa wani.

Mataki na biyar: dokokin wurin da za ka kwana

Maganar hana sauke anka da aka kira ni a kai tana da tushe. A ƙarƙashin Bahar Rum akwai ciyawar teku da ake kira fosidoniya, matattarar ƙananan kifaye, mai riƙe yashin gaɓa, wadda ba ta yaɗuwa sai santimita kaɗan a shekara. Na taɓa jawo anka na ga ta fito da dunƙulen ciyawar nan har da saiwa, tana ɗigar ruwa a kan hancin jirgi, na san abin da na tuge cikin minti guda zai ɗauki shekaru kafin ya dawo. Ban ji daɗin kaina ba ranar, kuma tun daga nan ba na cikin masu ƙorafi kan wannan doka. Tsibiran Baliyarik na Sifaniya sun hana sauke anka a kanta da dokar 2018. Hukumar teku ta Faransa a Bahar Rum ta kafa tata a 2019, daga baya ta zana layuka yanki-yanki inda manyan jirage, galibi daga mita 24, ba sa sauke anka ta cikin layin. Hanyar bi mai sauƙi ce: ka sabunta taswirarka, ka nemi farin yashi, ka lura har da inda sarƙa za ta share in iska ta juya, domin sarƙar ta fi ankar ɓarna.

Wasu dokokin na ɗan lokaci ne. A Satumban 2020, bayan manyan dabbobin tekun nan da ake kira oka sun fara lalata sitiyarin jirage a gaɓar Sifaniya da Fotugal, Sifaniya ta hana jiragen iska na mita 15 zuwa ƙasa bi ta wani yanki na gaɓar Galisiya na 'yan kwanaki. Irin wannan ba za ka same ta a littafi ba. Ta rediyo take zuwa, da na'urar NAVTEX mai karɓar saƙo a kan kilohaz 518, da ofishin tasha.

In kuma tafiyar mai nisa ce, ka duba ƙasan jirgin. Niyu Zilan tun 2018 take buƙatar jirgi ya iso da gangar jiki mai tsabta, da shaidar wanki ko fenti. Fentin ma akwai doka a kansa: an haramta mai sinadarin TBT tun 2008, aka ƙara da sibutirin daga 1 ga Janairun 2023. Jirgin mita 24 zuwa sama da bai kai tan 400 ba, mai tafiya tsakanin ƙasashe, yana riƙe takardar bayanin fentin da ke jikinsa. Ko jirginka ƙarami ne, ka ajiye rasiɗin fenti da hoton gwangwanin.

Mataki na shida: ka bi kayan jirgi ɗaya bayan ɗaya

Sau ɗaya a shekara, kafin buɗe kakar tafiya, ka fito da kayan ceto ka shimfiɗa su ka karanta kwanan watan kowanne: wutar neman agaji, batirin na'urar EPIRB mai aika saƙon neman ceto ta tauraron ɗan'adam, ranar duba kwale-kwalen ceto, abin kashe gobara. Amurka tun Afrilun 2022 take ɗaukar abin kashe gobara irin wanda ba a sake cikawa a matsayin ya mutu in ya shekara 12 daga ranar ƙera shi, ko da allurarsa na kan kore. Tun Afrilun 2021 kuma ta wajabta ɗaura igiyar kashe inji a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba lokacin da suke gudu.

EPIRB ɗin ka tabbatar ta megahaz 406 ce, domin tauraron ɗan'adam ya daina sauraron tsofaffin na 121.5 tun Fabrairun 2009. Ka kuma tabbatar da sunanka aka yi mata rajista. In ka sayi jirgi na hannu, sau da yawa na'urar da lambar rediyo mai alƙaluma tara suna nan da sunan tsohon mai shi, ranar haɗari a kira mutumin da bai san inda kake ba. Taswirar takarda ma tana ja da baya: Amurka ta gama janye tsofaffin nata na gargajiya zuwa farkon 2025, Birtaniya ta sanar a 2022 cewa za ta daina, sannan ta ɗage zuwa aƙalla 2030. Ka tambayi hukumar tutarka wace irin taswirar kwamfuta ta amince da ita.

Mataki na bakwai: aikin ƙungiya

Mutum ɗaya ba zai iya bin wannan duka ba, kuma dalilin kafa ƙungiya ke nan. A raba yankuna: wani ya riƙe sanarwar ƙasashen tuta, wani kwastan, wani dokokin muhalli. Duk sanarwar da za a tura wa membobi ta amsa tambaya huɗu a layukan farko: wa ya yi dokar, wane jirgi ta shafa, yaushe take farawa, me za a yi. A manna asalin takardar a ƙasa. Abin da ba a tabbatar ba a rubuta ƙarara cewa shawara ce da ake tattaunawa, ba doka ba tukuna.

Kuma lokacin shawarar nan shi ne lokacin magana. Gwamnatoci da yawa suna buɗe ƙofar jin ra'ayi na wasu makonni kafin su sa hannu. Takarda guda daga ƙungiya, mai ɗauke da yawan jiragen membobi da girmansu da abin da sauyin zai ci musu, tare da wata mafita da aka kawo, ta fi ƙorafi ɗari bayan an gama. In za a hana anka a wani lungu, ku nemi a kafa maɗaurai na dindindin a wurin. Ɗaga ƙafar da aka yi wa jiragen shaƙatawa kan hayaƙin inji har 2021 ya samu ne saboda masu sana'ar sun kai hujjarsu tun ana kan tebur.

Mako biyu kafin ka tashi zuwa wata ƙasa, ka rubuta wa ofishin tashar da za ka fara shiga, ka faɗi tutarka da tsawon jirgi da yawan mutane da ƙasashen fasfonsu, ka tambaya ko tashar shiga ce ta hukuma da kuma ko ana cike wani fom ta intanet kafin isowa, kamar yadda Birtaniya da Amurka ke da nasu. Ka buga amsar a takarda ka sa a fayil tare da rajista, inshora, lasisin rediyo, takardar ƙwarewarka da jerin sunayen mutanen jirgi, ka ajiye kwafi a waya. Da ka shiga ruwan ƙasar ka ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, alamar neman izinin shiga, kada kowa ya sauka sai wanda zai kai takardu, har jami'i ya sallame ku.